Mazuban Wasan Neman Ajiya: Inda Ake Samun Na Kyauta Da Masu Araha A Manchester Da Birmingham

Jiyokashin wasa ne na ɓoyo da nema da ake yi a waje da taimakon wayar hannu ko na'urar GPS. Mutum zai sami mazubi mai murfi, ya sa 'yar takarda a ciki, ya ɓoye shi a kogon bishiya ko bayan allon hanya ko ƙarƙashin benci, sa'annan ya sa lambobin da ke nuna wurin a shafin intanet. Wani kuma ya bi lambobin har ya gano ajiyar, ya rubuta sunansa da kwanan wata a takardar, ya mayar da mazubin daidai inda ya same shi domin masu zuwa a baya. Idan mazubin na da girma akan zuba ƙananan kayan wasan yara a ciki, kuma ƙa'ida ita ce duk wanda ya ɗauki abu ya ajiye wani da ya kai shi daraja ko ya fi.

Wasan ya samo asali ne a watan Mayu na shekarar 2000. A farkon watan gwamnatin Amurka, zamanin Shugaba Bill Clinton, ta daina rage ingancin saƙon GPS da take yi wa farar hula da gangan, sai na'urorin da a da kan yi kuskuren kusan mita 100 suka koma nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci. Ranar 3 ga watan wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokitin roba a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da gwafar harbi da littafin sa hannu, ya sanar da lambobin wurin a intanet. A watan Satumba na wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75. Yau akwai fiye da ajiya miliyan 3 a ƙasashe sama da 190.

Ingila tana da tsohuwar al'ada mai kama da wannan. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor, domin masu yawon ƙafa su riƙa jefa katin sunansu a ciki. Saboda haka da sabon wasan ya iso Birtaniya bai zo wa mutane a baƙo ba, kuma a 2003 'yan wasan suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka fi sani da GAGB. A Manchester da Birmingham, inda ɗalibai da ma'aikatan lafiya da iyalai Hausawa ke zaune, ajiyoyin suna warwatse a lambunan shaƙatawa da gefen magudanan jiragen ruwa da kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Neman ajiya ba ya buƙatar komai sai waya da biro. Wanda ya so ya ɓoye tasa kuwa, abu na farko da zai nema shi ne mazubi.

Girman mazubi da ƙa'idojinsa

Shafin Geocaching.com ya kasa mazubai gida huɗu. Mafi ƙanƙanta shi ne wanda bai kai mililita 100 ba, kamar robar fim ɗin kyamara, kuma a cikin wannan rukuni akwai wanda bai fi kan yatsa ba, mai maganaɗisu, da ake manna wa a jikin ƙarfe. Na biyu daga mililita 100 zuwa lita 1. Na uku daga lita 1 zuwa lita 20, wato kamar girman kwalin takalmi. Na huɗu shi ne wanda ya kai lita 20 ko ya wuce, irin bokitin Ulmer. A tsakiyar gari ƙananan sun fi yawa domin wurin ɓoyo ya yi kaɗan kuma idanu sun yi yawa. Manyan sai a wurare masu faɗi kamar Heaton Park a arewacin Manchester, mai fiye da eka 600, ko tsaunukan Lickey a kudancin Birmingham.

Kowace ajiya sai wani ɗan sa-kai mai bita ya duba ta kafin a wallafa ta. Dole ta kasance da takardar sa hannu. Dole ta yi nisan aƙalla mita 161 daga wata ajiyar. Ba a haƙa rami a binne ta, ba a sa abinci ko wuƙa ko ashana ko ƙwaya ko giya a ciki, kuma sai da izinin mai filin. Wanda ya ɓoye ta shi ke da alhakin kula da ita muddin tana nan. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa zaɓen mazubi ya zama babban lamari: duk wanda ya sa mazubi mai yoyo ya ɗora wa kansa zirga-zirgar zuwa canza jiƙaƙƙiyar takarda.

Ruwan sama shi ne alƙali

Ruwan da ke sauka a Manchester a shekara ya haura milimita 800. Adadin bai yi wa na Kano nisa ba, amma na Kano yana sauka ne cikin watanni huɗu ko biyar na damina, rani ya zo ya busar da komai. A Manchester da Birmingham ruwa na sauka a kowane wata na shekara, sau da yawa yayyafi ne da ke wuni yana zuba, ƙasa kuma tana daɗewa ba ta bushe ba. Mazubin da aka ajiye a gindin shinge yana zaune cikin danshi daga Oktoba har Maris.

Ta hanyoyi uku ruwa ke shiga. Na farko ta bakin murfi, idan bai kama sosai ba. Na biyu ta gumi: da rana iskar ciki takan yi ɗumi ta buɗe, da dare ta yi sanyi ta tsuke, sai mazubin ya zuƙo iska mai laima daga waje, laimar ta kwanta a jikinsa ta zama ɗigon ruwa. Na uku ta tsagewa, domin siririyar roba takan yi tauri idan sanyi ya kai ga ƙanƙara, hasken rana kuma yana cin ta a hankali har ta riƙa karyewa a hannu. Ƙari a kan haka, masu nema kan buɗe mazubin a cikin ruwan sama da jiƙaƙƙen hannu, wasu kuma ba sa rufe shi da kyau. Mazubi nagari shi ne mai kauri, mai zoben roba a bakin murfi ko murfin murɗawa mai kamawa, wanda ko yaro zai iya rufe shi daidai.

Mazuban da ake samu kyauta

Hausawa ba baƙin sake amfani da kaya ba ne. Gidan da bokitin fenti ke zama na wanka, gwangwanin madara ya zama fitila, ba ya buƙatar a koya masa ganin amfani a abin da wani ya yar. Irin wannan ido ake buƙata a nan, sai dai a haɗa shi da sanin abin da ke jure wa ruwa.

Robar fim mai milimita 35 ita ce ta fi kowane ƙaramin mazubi suna a wannan wasa. Iri biyu ce. Akwai baƙa mai murfi ruwan toka, irin ta Kodak, wadda murfinta ke hawa kan baki daga waje, kuma ta yi ƙaurin suna wajen yoyo. Akwai fara mai ɗan haske, irin ta Fuji, wadda murfinta ke shiga cikin bakin ya toshe shi, ita ce ta fi riƙe ruwa. Tun da kyamarar dijital ta karɓe kasuwa robobin suka yi wuya, amma shagunan wanke hoto da suka rage a biranen biyu har yanzu suna karɓar fim, musamman da matasa suka sake komawa gare shi, kuma robobin shara ne a wurinsu. Tambaya cikin ladabi takan wadatar.

Abin da ya fi robar fim inganci shi ne 'yar robar da ake zuba tsinken gwajin sukari na masu ciwon suga. An ƙera ta ne domin ta hana laima taɓa abin da ke ciki: murfinta a manne yake da jikinta, yana rufewa da ƙara, kuma yawancinsu an shafe cikinsu da sinadarin tsotse danshi. Jini ba ya shiga cikinta, domin sababbin tsinkaye kawai take ɗauka. Duk gidan da ke da mai gwajin sukari kullum yana zubar da irin waɗannan a kai a kai. Dogayen robobin ƙwayar bitamin mai narkewa a ruwa, irin Berocca, su ma murfinsu na ɗauke da abin tsotse danshi, kuma tsayinsu ya dace da naɗaɗɗiyar takarda. Robar magani mai murfin murɗawa tana aiki idan an tsayar da ita a tsaye a wurin da ruwa ba ya taruwa, amma wajibi ne a ɓare takardar da ke jikinta gaba ɗaya, domin tana ɗauke da sunan majiyyaci da na maganinsa.

Daga kicin, robobi masu faɗin baki da murfin murɗawa su ne abin nema: ta markaɗaɗɗiyar gyaɗar shafa wa burodi, ta mayonis, ta garin furotin na masu motsa jiki. Suna da kauri kuma suna ɗaukar kayan musaya. Matsalarsu wari ne. Dila da ɓera da kurege sun cika lambunan biranen nan, hancinsu kuma yana jin abin da na mutum ba ya ji, sai su ciji robar su huda ta ko su ja ta su tafi da ita. Ana wanke irin wannan roba da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, a jiƙa ta a ruwan bilic da aka sirka ko a ruwan bakar hoda ta kwana, a shanya ta a buɗe na kwanaki. Ta gyaɗa tana da wani haɗari na daban, domin akwai yara da manya da jikinsu ba ya jituwa da gyaɗa ko kaɗan, shi ya sa 'yan wasa da yawa ke guje mata baki ɗaya.

Manyan bokitai masu murfi mai kamawa, waɗanda ake kawo mayonis ko man girki ko kayan miya a cikinsu, suna taruwa a bayan gidajen abinci. Titin Wilmslow a Rusholme ta Manchester, da titunan Stratford da Alum Rock da Coventry a Birmingham, cike suke da irin waɗannan gidaje. A nan ma tambayar mai wuri ake yi. A dokar Ingila abin da ke cikin kwandon sharar wani ko babban akwatin zuba tarkacen gini ba lallai ya zama marar mai shi ba, kuma ɗaukar kayan da aka ajiye a ƙofar shagon agaji na iya zama sata.

Akwai kuma shafukan kyautar da kaya. Freecycle, da aka kafa a Amurka a 2003, da Freegle, da ta fito a Birtaniya a 2009, suna da rukunoni na unguwanni, inda masu ƙaura ko masu share kicin ke ba da robobin abinci kyauta ga wanda zai zo ya ɗauka. Su ma 'yan wasan suna shirya haɗuwa a kai a kai, ana sanarwa a shafin Geocaching.com, kuma tsofaffin hannu kan ba sababbi mazubi da shawara.

Mazubai masu araha

Mazubin da ya fi yawa a dazukan Ingila shi ne robar abinci mai maƙalai huɗu da zoben roba a murfi, irin ta kamfanin Lock & Lock na Koriya ta Kudu ko Sistema na New Zealand. Tana haske, ana ganin abin da ke ciki, tana rufewa gam, kuma takan yi shekaru a waje. Shagunan araha irin su Poundland da B&M da Home Bargains suna sayar da ita ko kwaikwayonta a kan 'yan fam kaɗan, manyan kantuna kuma kan karya farashinta lokacin komawa makaranta. Kafin a biya kuɗi ana duba abu biyu. A ciro zoben a ga ko yana da laushi kuma ya zagaye murfin ba tare da yankewa ba. Sa'annan a lanƙwasa maƙalan sau da yawa: idan wurin lanƙwasawar ya fara fari, ba zai ga ƙarshen hunturu ba. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata, domin kwaikwayon da ya fi sauƙin kuɗi shi ne ya fi saurin karyewa.

Kasuwanni ma suna da nasu. Kasuwar Bull Ring ta Birmingham, wadda asalinta ke komawa ga izinin sarauta na shekarar 1166, tana da rumfunan kayan gida, haka ma shagunan titin Soho a Handsworth. A Manchester akwai kasuwar Longsight da shagunan sari na Cheetham Hill. Shagunan agaji irin na Oxfam da British Heart Foundation suna sayar da kayan gida na hannu, sa'annan akwai kasuwannin ƙarshen mako da mutane ke baje tsofaffin kayansu daga bayan mota, inda ake ciniki kamar yadda aka saba a gida. A yankin Manchester akwai shagunan Renew da ke sayar da kayan da aka tsinto masu kyau daga cibiyoyin tara shara, kuma Birmingham na da irin wannan shago a cibiyar Tyseley.

Wasu mazubai biyu sun cancanci kuɗinsu. Na farko shi ne ɗan bututun roba mai kauri wanda masana'anta ke ɗumamawa ta hura masa iska ya zama kwalbar lemo. Kafin a hura shi yana kama da kwalbar gwaji ta ɗakin kimiyya, yana da ƙarfi ƙwarai, kuma murfin robar lemo yana hawa bakinsa. 'Yan wasan Jamus ne suka fi amfani da shi, ana kuma sayar da shi da yawa a intanet da rahusa. Na biyu shi ne akwatin harsashi na ƙarfe da shagunan tsofaffin kayan soja ke sayarwa. Shi ne sarkin mazubai wajen hana ruwa, saboda zoben roba da maƙalli mai matse murfi. Ya fi sauran tsada, sai an shafe rubutun soja da ke jikinsa da fenti, kuma wurinsa daji ne, nesa da gine-gine.

Waɗanda ba su da amfani

Akwai mazuban da ke jan ido saboda kyauta ne amma ba sa yin komai. Robar da ake zubo abincin saye a ciki siririya ce, murfinta na tsagewa cikin makonni. Robar askirim da ta man shafa wa burodi da manyan robobin alewar Kirsimeti murfinsu ɗorawa kawai ake yi, ruwa na bi ta gefe. Gwangwanin Milo ko Nido ko na alewar minti yana tsatsa cikin hunturu ɗaya har murfin ya ƙi buɗewa, bakinsa kuma ya zama abin yanka hannu. Kwalbar gilashi tana fashewa. Naɗe mazubi a leda ba ya gyara komai: ledar na tara ruwa da katantanwa, ta sa ajiyar ta yi kama da shara, kuma ƙa'idojin GAGB sun hana.

Gwaji da shiri

Gwajin mazubi ba ya cin ko kwabo. A sa busasshiyar takardar goge hannu a ciki, a rufe, a nutsar da shi a bokitin ruwa, a danne da dutse ya kwana. Da safe a goge bayansa sosai kafin a buɗe. Idan takardar ta yi ko da ɗan sanyin danshi, mazubin ya faɗi. Mazubin da ya tsallake wannan gwaji a bar shi a farfajiyar gida ko bakin taga na wasu makonni, ruwa da sanyi su taɓa shi, a sake dubawa.

Takardar sa hannu ana sa ta a 'yar leda mai zif a cikin mazubin, tare da fensir, domin biro kan daskare ko ya ƙi rubutu a sanyi. 'Yan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi suna taimakawa na ɗan lokaci, amma da zarar sun ƙoshi aikinsu ya ƙare. Wanda zai yi fenti ya fara goge robar da takardar yashi domin fentin ya kama, ya zaɓi kore ko ruwan ƙasa marar sheƙi, ya kuma kiyaye kada fenti ya taɓa zoben murfi. A wurin ɓoyo ana ajiye mazubin murfi na sama, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa.

Tsaro da izini

A biranen nan biyu akwati da aka ɓoye ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 21 ga Nuwamba 1974 bama-bamai a mashaya biyu na tsakiyar Birmingham suka kashe mutum 21. Ranar 15 ga Yuni 1996 bam ɗin ƙungiyar IRA ya rusa wani ɓangare na tsakiyar Manchester ya raunata fiye da mutum 200. Ranar 22 ga Mayu 2017 harin da aka kai zauren Manchester Arena ya hallaka mutum 22. Jama'a sun saba da kiran 'yan sanda idan sun ga abin da ba su yarda da shi ba, kuma suna da dalili.

Wasan kansa ya taɓa jawo firgici. A watan Yuli na 2011, a garin Wetherby da ke yammacin Yorkshire, an ga wani mutum yana tura 'yar robar ajiya ƙarƙashin tukunyar furanni a bakin titi. Aka rufe titin da shagunansa na sa'o'i, sojojin kwance bam suka zo suka tarwatsa robar. Bayan haka ne GAGB da shugabannin 'yan sanda suka fitar da ƙa'idojin ajiya a cikin gari. Mazubi ya kasance da rubutu a bayansa da ke nuna cewa na wasan ne, wanda ya wuce girman robar fim ya zama mai haske yadda za a ga cikinsa ba sai an buɗe ba, kuma a guji wurin da mai nema zai zama abin zargi. Guntun bututun famfo da aka toshe bakinsa biyu, ko wani abu mai waya a jikinsa, ba shi da wuri a wannan wasa komai arharsa.

Izini kuma ya danganta da mai filin. Yawancin lambunan shaƙatawa na hannun majalisun biranen biyu. Magudanan jiragen ruwa na Birmingham, masu tsawon kimanin mil 35, da na Rochdale da ya ratsa Manchester, suna ƙarƙashin hukumar Canal & River Trust. Sutton Park na Birmingham, mai eka 2,400, wuri ne da doka ta keɓe domin kare tsirrai da namun daji, irin wuraren da masu bita ke neman shaidar izini kafin su wallafa ajiya. Ba a sa mazubi a katangar duwatsun da aka jera ba siminti, irin da ke ƙauyukan kewayen Manchester, domin masu nema kan rushe ta wajen lalube. GAGB tana da jerin yarjejeniyoyin da ta ƙulla da masu filaye, kuma shi ne wurin da ya kamata a fara dubawa.

Ana shawartar sabon ɗan wasa ya nemo ajiya da dama kafin ya ɓoye tasa, domin a nan zai gani da idonsa wace roba ce ta bushe, wace ce ta cika da ruwa. Kuɗin mazubi shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ajiya ke ci. Robar gwajin sukari da aka samu kyauta, aka gwada ta, aka yi mata rubutu, aka ajiye ta da izini a wurin da mai ita zai iya leƙawa a kai a kai, ta fi akwati mai tsada da aka jefar aka manta. Mazubin da aka yi watsi da shi shara ne, kuma alhakin kwashe shi yana kan wanda ya ajiye shi.